Rubutu da Ruwa

Ƙarfe shida da kwata nake shigowa ta ƙofar arewa,
bokiti a hagu, a dama gora mai soso a baki.
Shekara talatin da ɗaya na ja bas a titunan Chengdu,
sau dubu nawa na wuce lambun nan, oho,
ban taɓa taka birki don in leƙa ba.
Yanzu ƙafa ce motata, ita ma sai da lallashi.

Kowa a nan da wurinsa, ba a rubuce ba, ba a gardama.
Baoshan zai rataye kejin tsuntsunsa a reshe na uku,
ya yaye ƙyalle, ya ja da baya
kamar wanda ya buɗe shago yana jiran ciniki.
Mata sha biyu da jajayen mafitai
suna juyi gaban rediyon da ya girmi jikokinsu.
Can bakin tabki wani dattijo na tafiya da baya da baya,
wai don lafiyar gwiwa.
Mu dai mun ce ƙuruciyarsa yake nema inda ya yar da ita.

Ni nawa daɓen dutse ne, daura da mai shayi.
In tsoma soso, in sunkuya gwargwadon yardar ƙugu.
Ba tawada, ba takarda,
ruwan famfo ne kawai.

Da, Shufen ce ta sha uku a sahun masu mafitai.
Kullum tana makara da taki ɗaya,
sun yi dama, ita tana hagu tana dariya.
Damina huɗu ke nan.
Har yau sukan bar gurbin,
ba kuwa wanda ya ce a bari.

Da sunanta nake farawa, kalma biyu tak:
ta farko da ɗigon ruwa uku a gefenta,
ta biyu da ciyawa a ka.
Rana baƙuwa ce a garin nan,
shi ya sa sunan kan ɗan jima,
wani lokaci har butar mai shayi ta yi kuka sau biyu.
Lanying mai shara, da ba mu taɓa wuce gaisuwa ba,
takan kewaye shi da tsintsiya
yadda ake kewaye mai barci.

Shekaranjiya wata yarinya ta tsaya a kaina,
jakar makarantarta ta fi ta faɗi.
Ta ce, “Kaka, ai gogewa yake yi.”
Na ce na sani.
Ta ce, “To, don me?”
Na duba bokiti, babu amsa a ciki,
sai na miƙa mata gorar.
Da hannu biyu ta zana kifi,
ido ɗaya ƙato, wutsiya a karkace.
Muka tsuguna har ya nutse cikin dutse.
Ta ce, “Ya tafi gida,”
ta kwasa da gudu, igiyar takalmi na binta.

Yau kuma yayyafi ya riga ni.
Daɓen duk ya yi baƙi, babu inda soso zai ce uffan.
An rufe tsuntsu, an naɗe mafitai,
kowa ya taru a rumfa, kujerun gora na ƙara,
ganyen shayi na sauka a hankali cikin kofi.
Na zauna, gorata a cinya, ban san abin yi da hannu ba.

Sai Baoshan ya ƙwanƙwasa tebur:
su uku ne, wasan kuwa na mutum huɗu.
Na ce ban iya ba.
Ya ce, “Ƙarya, matarka ta ce kai ne ɓarawon gidanku.”

Na ja kujera.
Bokitin na bar shi a waje,
yana tarar min na gobe.