Jan Mai a Farin Tsumma

Na sayi gida mai ƙafa shida
a hannun Wilma Tidwell, can bayan garin Raton.
Ta miƙo makulli ba ta dubi motar ba.
Ta ce, "Orval ne ya san cikinta.
Ni labule kawai na ɗinka."

A aljihun gaba na tsinci littafinsa,
bango ya sha maiƙo,
rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa:
ran kaza baƙin mai, ran kaza taya,
man giya a mil dubu talatin,
man giya a dubu sittin.
Daga nan sai farar takarda.
Shekarar da ya kwanta ke nan.
Agogon mil kuwa bai zauna jinya ba,
ya kai dubu casa'in da huɗu.

A hawan dutsen da ke miƙa mutum Colorado
na ji ta yi jim tsakanin ta biyu da ta uku,
kamar dattijon da aka tambaya sunan jikansa,
ya yi shiru,
can ya tuna, ya faɗa da ƙarfi.
Cokula suka yi tsalle a kicin ɗina.

Ruperto Maestas bai yi saurin ɗaukar sifana ba.
Ya ce, "Delfina, kawo ta inda ƙasa ta daidaita.
Ja birki, bar injin yana numfashi,
bi da giya ɗaki ɗaki, ki maido ta mazauninta.
Mai sanyi maƙaryaci ne,
sai ya ji ɗumi yake faɗin gaskiya."
Ya zaro tsinken awo, dogo kamar bulala,
ya goge, ya mayar, ya sake zarowa,
ya ɗiga a farin tsumma.

"Lafiyayye ja ne kamar zoɓo,
kina hango rana ta cikinsa."
Nawa ya yi kalar shayin da ya kwana,
yana ƙauri kamar ƙanzon tukunya.

Na ce a tura injin wanki a kore komai yau.
Ya girgiza kai.
"Tsohuwa ba a yi mata wankan ƙarfi.
Dattin da ya kwanta, in kin tashe shi,
ƙananan hanyoyi zai je ya toshe.
Mu juye abin da ya sauko, mu zuba sabo,
ki yi tafiya, ki dawo mu sake.
Sannu ba ta hana zuwa."

Na shimfiɗa kwali na kwanta gefensa.
Noti goma sha shida, ɗaya ya yi gardama.
Kasko ya sauko, mai ya bi mini hannu har gwiwa.
A ƙasansa mayen ƙarfe ya yi gemu,
toka mai laushi, ba tsini, ba ɓarɓashi.
Ruperto ya murza a yatsa, ya ce,
"Tsufa ne kawai. Ba mutuwa ba."

Sabuwar matata, sabon gaskit,
ɗauri daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba hauka.
Muka kafa mazurari,
irin man da littafin mota ya ambata, ba ɗan'uwansa ba,
kaɗan kaɗan, muna awo,
don in ya yi yawa kumfa yake,
kumfa kuwa ba ta ɗaukar kaya.

Da yamma na buɗe littafin Orval.
Ƙarƙashin layinsa na ƙarshe
na rubuta kwanan wata da mil, da nawa karkataccen hannun.
Wajen neman biro a jaka
na ci karo da takardar likita,
ta awon jini, wata uku a ninke.
Na daɗe ina dubanta.
Na soke ta jikin sitiyari,
inda ba zan iya tayar da mota da safe
ban cire ta ba.