Minti Uku a Tashar Fabriano

A ɗakin girkin kakana Egidio,
tebur duk tabon kofi, agogo na gaba da minti biyar,
na buɗe littafin nahawu ina ƙunƙuni.
Gobe Malama Clelia za ta tsayar da ni gaban allo,
aikatau ɗaya ta ba ni, in juya shi ciki da bai.

Aspettare. Jira ke nan.

Ya ce, "Nives, fara da yanke masa wutsiya.
Abin da ya saura kan jirgi ne, ba ya sauya kama,
ke dai ki riƙa ɗaura masa taragu."
Shekara talatin da ɗaya yana shugaban tasha,
komai a wurinsa jirgin ƙasa ne, har miya.

Aspetto, ina jira. Aspetti, kina jira.
Aspetta, aspettiamo, aspettate, aspettano,
yana buga cokali a baki-bakin kofi
kamar ƙafafun ƙarfe bisa dogo.
Aspettavo: na kasance ina jira,
lokaci mai jan ƙafa, ba a san ranar da ya tsaya ba.
Ho aspettato: na jira, an gama, an rufe ƙofa.

Sai muka zo kan shuɗaɗɗe mai nisa,
wanda sai a littafi ko a bakin tsofaffi.
Na karanto aspettai, harshena na tuntuɓe.
Cokali ya yi shiru.

"Sau ɗaya tak," in ji shi, "aspettai.
Jirgin Ancona, ƙarfe shida da kwata, ƙanƙara na zuba,
usur na bakina, tuta na hannuna,
sai ga yarinya a guje da akwati ɗaure da igiya.
Ban hura ba.
Direba na zagina ta taga, ban hura ba.
Minti uku. Aka yanke mini albashin kwana biyu.
Ranar Asabar ta dawo da ƙunshin gasasshiyar gujiyar dutse,
tana tambayar wane wawa ne aka ci tara dominta."

Hoton Kaka Ortensia na bisa firji,
tana hararar rana, hannu a goshi.

Na yi maza na juya shafi.
Aspetterò, zan jira. Aspetterei, da na jira.
Avrei aspettato, da can da na jira,
wannan shi ne layin da jirgi bai bi ba,
ciyawa ta cinye shi, amma yana nan a taswira.

Ga kuma yanayin fata da shakka:
che io aspetti, che tu aspetti, che lei aspetti.
Na ce, "Kaka, an yi kuskure a bugu,
ni da kai da ita duk kalma guda?"
Ya ce, "Ba kuskure. In ana fata,
ba a cika sanin wa ke jiran wa ba."

Saura umarni, ɗan gajere, layi biyar.
Aspetta! Jira!
"Shi na faɗa mata a asibitin Jesi, bara da kaka.
Amma wannan jirgin ba ni ke riƙe da usur ɗinsa ba."

Tukunyar kofi ta tafasa ta yi ambaliya,
ya miƙe yana neman tsumma, yana faɗa da murhu.

Washegari na samu bakwai cikin goma.
Duk taragun sun zo a jere, ba wanda ya goce,
sai dai na manta ɗan karan da ke bisa aspetterò.
Malama Clelia ta ɗora shi da jan biro,
a karkace, can a ƙarshen kalma,
kamar hular mutumin da ke tsaye shi kaɗai
a bakin dandamali.