Alli a Jikin Ƙofa

Ranar da likita ya haɗa takardun Iya
ya daɗe yana daidaita bakinsu kafin ya ɗago.
Ya ce, ku kai ta gida.
Mun gane.
Ɗan Damagaram ya san famfo ya ɗauke
tun kafin ya murɗa kansa.

Muka koma Birni, kanta bisa cinyata,
tulun da ba ruwa ma ya fi ta nauyi.
Dare uku tana cizon gefen zane
don kada jikoki su ji.
Na sayar da tunkiya, na sayo sassaƙe,
ciwo na nan zaune
kamar duwatsun bayan gidanmu.

Laraba sai ga Tsahara, malamar jinya,
da baƙar jaka mai hannu ɗaya.
Ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa,
ta tsallake ni da ido, ta tambayi mai ciwon:
Iya Gambo, ina ya fi cin ranki?
In gari ya waye lafiya, me za ki so yi?

Iya ta dube ta sheƙeƙe.
Wata bakwai ana tambayar cikinta,
yau aka tambaye ta.

Maganin ruwa ne a ƴar kwalba.
Tsahara ta nuna mini layin awo,
ta ɗauki allin Ubaida na makaranta
ta jera awoyi a jikin ƙofa.
Kada ka jira sai ta yi nishi, in ji ta,
ba a gina rijiya ranar ƙishirwa.
Ta koya mana juya ta ba fizga,
man kaɗe a diddige da ƙugu,
jiƙaƙƙiyar auduga a leɓe.

Daren nan Iya ta yi minshari.
Na zauna bakin ƙofa ina saurare,
ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Da hantsi ta ce a kawo alkama.
Shekara arba'in tana alkaki,
hannunta kaɗai ya san sirrin.
Aka jingina ta da matashi uku,
Ubaida na murzawa, ita tana faɗa:
Wannan alkaki ne ko igiyar ɗaure akuya?
Sake!
Gida ya cika da ƙamshin mai da dariya.
Haɗiya ta riga ta gagare ta,
sai aka ɗiga mata zumar a harshe.
Ta lumshe ido, ta daɗe,
ta ce, tsami bai ji ba.

Ta aike ni kasuwar Dole da jaka uku,
bashin mai sukari tun bara.
Ta sa aka kira Dije ta makwabta,
shekara shida ba sa gaisawa kan kasko.
Suka yi kuka, suka yafi juna,
Iya ta ce, amma dai kaskon nawa ne.

Ni ma Tsahara ba ta ƙyale ni ba.
Je ka kwanta, mai jinya rabin majinyaci ne.
Ta faɗa mini yadda numfashi zai canja,
zai yi nisa, ya dawo, ya ƙara nisa,
don in ya zo kada in ruɗe in nemi mota.

Ya zo daren kwana ashirin da shida.
Ban ruɗe ba.
Ina riƙe da hannunta, Dije na laƙƙana mata kalma,
ladan na gyaran murya.
Goshinta a sake yake.

Ran uku Tsahara ta zo gaisuwa,
ta auna sauran maganin, ta sa a jaka,
ta ci alkaki ɗaya a tsaye,
akwai wani tsoho na jiranta a Garin Malam.

Damina ta wuce, ban goge allin ba.
Ubaida na suya duk Alhamis.
Masu saye na cewa da saura.
Ita ma ta sani,
tana ƙara tsami kaɗan-kaɗan.