Mai Faci a Ɗakin Gaggawa

Shekara ashirin da uku ina gindin dalbejiya
a bakin titin Mando,
ni da injin iska da bahon ruwan da ya yi baƙi.
Ilimina ɗaya ne: a nemo huda, a toshe.
Ƙusa abokiyar gabata ce, ko da ita ke ciyar da ni.

Ran Talata, bayan la'asar,
tayar tirela ta yi tsawa a hannun Nafi'u.
Ni na ce ya ƙara mata iska.
Ni na ce.
Zoben ƙarfe ya tashi ya same shi a haƙarƙarin dama.
Ya miƙe, har da dariya: "Baba, ba komai."
Kafin keke ya sauke mu gadar Kawo dariyar ta ƙare,
yana jan numfashi kamar mai jan ruwa da guga mai yoyo,
leɓensa ya koma launin toka.

Likitar da ta tare mu ba ta kai ƙanwata tsawo ba.
Rifkatu, na ji ana kiran ta.
Ta ƙwanƙwasa ƙirjinsa kamar mai sayen kankana:
hagu ya amsa,
dama ya yi ƙarar jarkar da ba komai ciki.
Jijiyoyin wuyansa sun miƙe kamar igiyar shanya,
maƙogwaro ya karkace gefe.

Ta ce, "Iska ta shiga inda ba gidanta ba,
tana shiga, ba ta fita.
Ta danne huhu, yanzu zuciya take turawa."
Na ce ko a ɗauki hoto.
Ta ce hoto sai mai rai.

Sai ta zaro allura, doguwa, ta fi ɗan yatsana.
Na ce, "Likita, huda za ki ƙara masa?"
Ba ta ko dube ni ba.
Yatsanta na bin haƙarƙari, ɗaya, biyu,
kamar mai ƙirga canji a duhu,
ta soka.

Tsssss.

Na san wannan ƙara.
Ita ce ke sa direba ya dafe kai,
ita ce asara, ita ce "yau ma ba a yi lodi ba."
Ban taɓa sanin sacewa na zama albishir ba
sai da na ga ƙirjin ɗana ya sauka, ya tashi,
ya sake tashi don kansa.

Ta ce allura aron lokaci ce.
Aka wanke ƙasan hammata, aka kashe wurin,
ta tsaga, ta sa yatsa, ta zura tiyo, ta ɗinke.
Ɗaya bakin tiyon a cikin kwalbar ruwa, ƙasan gado.
"Baba, kada kowa ya ɗaga kwalbar nan."
To. Na zama maigadin kwalba.

Ya yi tari, kumfa ya taso.
A nan na gane karatun:
bahona ne aka kawo asibiti.
Haka nake nutsa tub, in zuba ido,
inda kumfa yake, nan ciwon yake.
Sai dai wannan ba gam, ba wuta, ba guduma.
Mai facin yana ciki, ba a ganin hannunsa.

Dare uku ina ƙirga kumfa maimakon carbi.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
uwarsa na barci a zaune, takalminta ɗaya a ƙafa.
Asubar Juma'a ya yi tari, ruwa bai ce komai ba.
Na ce ya sake.
Ya sake, ya harare ni, ya ce yunwa yake ji.

Na koma gindin dalbejiya.
Jiya wani ya kawo taya ta sha iska har tana ƙyalli.
Na danna bawul, na bar ta tana huci,
na daɗe ban ɗaga yatsa ba.
Mutumin ya ce, "Malam, ya isa haka!"
Ban ji shi ba.