Ɗakuna Huɗu

A El Alto iska ba ta wadatar kowa.
Ƙato ma kan tsaya a tsakiyar matakala ya nemi numfashi,
balle Wayra, ɗan wata biyar,
da in ya kama nono zufa ta keto masa a goshi,
ya tsotsa uku, ya saki, yana haki
kamar wanda ya hau dutse da kaya.

Severina ta kwance shi daga zanen goyo mai ratsi.
Na fara ɗumama man a tafina,
don sanyinsa kan sa su kuka,
kuka kuwa ɓata hoto yake.
Na kashe fitila,
na ɗora kan na'urar ƙasan haƙarƙari, na karkata hagu.

Ga ta nan.
Ba ta fi dunƙulen hannunsa ba,
toka-toka cikin baƙin gilashi, tana buɗewa tana tsukewa.
Ɗakuna huɗu. Na sake ƙirgawa.
Shekara sha tara ina wannan aiki,
ban taɓa yarda da ƙirgen farko ba.

Sai na kunna launi.
Ja, jinin da ya nufo ni. Shuɗi, wanda ya ba ni baya.
A bangon da ya raba ɗakunan ƙasa
wani siririn haske ya ƙetara
inda ba a yi ƙofa ba.
Na tsayar da hoton, na auna:
milimita shida.
Ƙwayar masara ma sai ta matse,
amma ta nan ƙarfin yaron ke zurarewa.

"Me kika gani?"
Ba ni ke faɗa ba, Likita Limachi sai ƙarfe biyu.
Amma ta riga ta miƙo yatsa
mai kanta, rinin ulu ya zauna a farcen,
ta taɓa gilashin daidai wurin.
"Nan saƙar ta tsallake zare."

Na yi shiru.

"Ana ɗinke irinsa?"
Na ce ana yi, wani ma da kansa yake haɗewa.
Ta ce, "Daga baki-baki ake kamawa.
A gaya musu kada su ja da ƙarfi."

Na goge ƙirjinsa, ya yi atishawa.
Ta roƙi hoton, na buga mata,
ta ninke shi huɗu, ta cusa cikin hularta,
ta saɓa ɗanta.

Saura sha ɗaya a benci.
Na sake matsa mai a tafina.