Haske Bahago

Ƙarfe biyun dare a Sendai, dusar ƙanƙara na sauka shiru.
A hawa na biyar Tokie Nagahama ta zura hannu
cikin baƙar safar roba
ta akwatin gilashin da iska ba ta shiga.
Safar hagu ta ƙi karɓar hannun dama.
Ta yi murmushi: ai aikin ke nan gaba ɗaya.

Ƙwayoyin sinadari biyu, uwa ɗaya uba ɗaya,
nauyi ɗaya, launi ɗaya,
sai dai kowace hoton 'yar'uwarta ce a madubi.
Kifa su, juya su har gari ya waye,
ba za su hau kan juna ba.
Wata bakwai tana tsince su,
ta dama gefe, ta hagu gefe,
har idonta ya fara neman tabarau.

Allon wayarka na da rariya a fuska
don kada rana ta mayar maka da hoton goshinka.
Amma rariyar ba ta san ɗan gida ba:
rabin hasken da allon ya haifa
a bakin ƙofa yake mutuwa,
batir na biyan kuɗin abin da ido bai gani ba.
Sai in hasken ya fito a murɗe,
tufka ɗaya kamar igiya, babu warwara,
sannan ya wuce ba a tare shi ba.

Tana shekara biyar, kakarta Ume
kan zare tsinken cin shinkafa daga hagunta,
ta danƙa mata a dama, ta buge yatsun kaɗan.
Shinkafa ta yi ta zuba a tabarma.
Ta koya. Hannun bai manta ba.

Yanzu ta shimfiɗa ta hagun a kan gilashi,
shimfiɗar da silin gashi ya fi ta kauri sau dubu.
Ɗalibinta Shunpei na barci a kujera,
taliyarsa ta huce a kofin takarda.
Ta kashe fitilar ɗaki. Ta saki lantarki.

Kore.
Ɗan murabba'i, bai kai farce ba.
Layin na'ura ya yi jim, ya yi rawa,
sannan ya karkata hagu.

Lambar ƙarama ce, ba ta isa a tashi mai barci ba.
Gobe ma tana iya dushewa.
Ta jawo littafi, ta ɗauki alƙalami da dama,
ta dube shi,
ta mayar da shi ɗaya hannun.