Mai Fitar da Rayayyu

Ƙarfe huɗu saura kwata nake kaɗa ƙararrawa.
Ba don na kwance ba, su sun daina amsa kira.
Aikina, shekara goma sha tara a wannan ƙofa,
in tsince masu numfashi daga cikin duwatsu
kamar mai tsintar shinkafa,
sai dai a nan tsakuwar ake bari.

Waɗanda suka shata wurin, tun Baltimore na tatata,
bayan gari suka nufa. Suka ce a yi lambu,
a lanƙwasa kowace hanya
don mai kuka ya ɗan ɓata kafin ya isa.
Suka dasa itatuwan da ba za su sha inuwarsu a tsaye ba.
Sai gari ya biyo sawu, ba gaggawa,
ya yi wa katanga zobe da jan bulo:
gida manne da gida,
mai facin taya, gidan wanki,
coci a tsohon kantin takalma,
da bas ɗin da ke tari a kwana duk minti ashirin.

Nakan zaga a 'yar motata.
Bayan mala'ikan da yatsunsa suka karye
Corinne na barci da rigar asibiti,
ta ce nan kaɗai ba a danna mata ƙararrawa sai tawa.
Can gangare Dontay na hura kakaki,
maƙwabta sun kore shi, na nan ba sa ƙorafi.
Tsoho Kazimierz, da jarida a cinya,
yana karanta wa wansa sakamakon ƙwallo;
in an ci su, sai ya rage murya.
Yanyawa ta wuce da ƙashin kaza
da ta sato a kwandon sharar titi.
Ita ba ta cikin lissafina.

Tsallaken titi, matakalar Misis Pruitt farin dutse ce, hawa uku.
Duk Asabar sai ta durƙusa da burushi.
Ta ce rami ɗaya aka haƙo nata da namu:
"Naku an yi masa rubutu, nawa ana takawa.
Faɗa min wanda ya fi morewa."
Kakanta ya ɗauki dutsen katangar nan a kafaɗa,
amma ba a nan aka kwantar da shi ba.
Ba ta taɓa shigowa ba. Ban taɓa tambaya ba.

Wata Laraba cikin hunturu na datse ƙofa,
na tsallaka ina jiran bas, hannu a aljihu,
sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.
Daga ciki.

Wanda bai taɓa jin an ƙwanƙwasa ƙofar maƙabarta daga ciki ba
kada ya koya min jarumta.
Makullin ya faɗi sau biyu kafin ya shiga.

Ita ce, da sandarta, ƙanƙara a gefen hula.
Ta ji ƙararrawar sarai, ta ce, laɓewa ta yi.
"Shekara saba'in ina kallon itatuwanku ta tagata.
Yau na bar fitila kunne,
na hau tudu in ga yadda su suke ganina."

Na ce, to yaya?

"Ƙarama ce," in ji ta. "Tagar.
Kuma labulen na neman wanki."

Na riƙe mata gwiwar hannu muka tsallaka,
wata mota ta yi mana ham.
Ta taka dutsenta, ɗaya, biyu, uku.

Tun ranar sau biyu nake kaɗawa.
In na datse, nakan ɗan tsaya,
kunne jikin ƙarfe mai sanyi,
bas ɗina na wucewa.